Baƙar Saniya, Jan Maraƙi

Buba ba ya iya kallon mutum ya tsaya a kansa. Sai ya wuce zuwa ga ubansa da kakarsa, kuma sai ya faɗa da baki, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Yadda yake duba saniya a kara, haka yake duba ɗan Adam: ƙafa, haƙori, kunne, tafiya. Bai taɓa ɓoye wannan hali ba. In an yi masa faɗa sai ya ce, "To ido ne ya gani, Alhaji. Ya zan yi da shi?"

Ranar da na fara ganinsa ina amarya, kwanana goma da zuwa Kontagora daga Dukku. Ya zo gaida maigidana, Allah ya jiƙansa, domin shi ke kiwon shanunsa guda biyar. Na kai musu ruwa zaure, ni da gwaggona da ta rako ni. Buba ya dube ni, ya dubi gwaggo, ya ce, "Malam, ka yi sa'a. Doguwa ce, za ta ba ka dogaye. Amma haƙorin gidansu ba ya kai tsufa."

Na koma ciki na yi kuka don takaici. 'Ya'yana bakwai, duk dogaye. Haƙori kuwa yau shida suka rage min.

An haife shi a wata ruga bayan Auna, daga baya suka matso kusa da gari. Bai yi boko ba, karatun allo ma bai yi nisa ba. Aikinsa kiwo, nasa da na amana. A lokacin duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya ɗan tara abin hannu sai ya sayi karsana ya miƙa wa Bafillace, shi ya sha nono, mai ita ya samu 'ya'ya. Buba aka fi kai wa, duk da bakinsa, saboda garkensa ya fi na kowa lafiya. Kowace saniya ya san uwarta da uwar uwarta har hawa shida ko bakwai, da san da ya haife ta, da inda aka samo san. Ba ya barin sa ya wuce shekara uku a garkensa. Sai ya yi tafiyar kwana biyu ya musanya shi da na wani makiyayi na nesa, don kada ya hau 'ya'yansa. Ya ce ya ga garken da aka bari suna ta auren junansu, maruƙan suka riƙa fitowa ƙanana, wasu ba sa ma iya tsayuwa.

Da ya tsaya ga shanu da babu wanda zai ce masa komai. Amma a gidan biki sai ka ji shi yana gaya wa ango cewa sanƙon kawunsa na nan tafe. Akwai gidajen da suka daina gayyatarsa. Ni ma shekara da shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Bayan rasuwar maigidana shanun suka zama namu ni da yara, dole muka riƙa magana, sai na gane mutumin ba mugu ba ne. Bai dai san inda ake yin shiru ba.

Cikin masu amana a hannunsa akwai Alhaji Sirajo, mai sayar da taki da maganin feshi, mutumin Tungan Magajiya. Wata shekara baƙar saniyar Alhaji ta haifi jan maraƙi, kuma baƙin sa ne ya hau ta. Alhaji ya tafi har ruga ya ce an musanya masa. Buba bai yi fushi ba. Ya zaunar da shi ya jero masa: kakar saniyar ja ce, mahaifin Alhaji da kansa ya saye ta, uban san nan baƙi shi ma ja ne, daga wajen Rijau. Ya ce jan bai mutu ba, kwanciya ya yi a jikin baƙaƙen, da ya gamu da ɗan'uwansa ya tashi. Alhaji ya gamsu, har labarin ya zama nasa. Duk wanda ya zauna a shagonsa ya ji shi sau uku: yadda baƙi da baƙa suka haifi ja.

Ɗan wannan Alhaji Sirajo, Mahfuz, shi ya auri autata Khairat. Malamar firamare ce. Auren so ne, babu wanda ya sa baki. Da cikin fari ya tsufa ta dawo gabana kamar yadda ake yi, shekara goma sha biyu ke nan yanzu.

Ta haihu da hantsi a ƙaramin asibitin unguwarmu. Rhoda, nas ɗin da ta karɓi haihuwar, ta fito da jaririyar ta miƙo min. Mace ce, fara fat, gashinta kamar gemun ɗanyar masara, tana ta ƙifta ido saboda hasken taga. Zabiya. Lafiyarta ƙalau, kukanta ya cika asibitin.

Mahfuz ya zo da murnarsa. Ya buɗe zanen, ya duba, ya rufe. Ya ce wa Khairat sannu. Ya fita, bai dawo ba.

Washegari Rhoda ta biyo gida duba cibiya, ta same ni ina tsince wake. Ta ga fuskata, ta zauna a bakin tabarma ta jawo faifan.

"Mama, kin yi sakandare, ai an koya muku wannan."

"An koya mana shekara arba'in da suka wuce. Sake faɗa."

Ta ɗauki wake biyu, ja da fari, ta ajiye gefe guda ta ce wannan Khairat ce. Ta ajiye wasu biyu, ja da fari, ta ce wannan Mahfuz ne. Ta ce abin da ke tsara halittar mutum ƙwayoyin gado ne, kuma biyu-biyu kowa ke ɗauke da su, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Jan waken shi ne ƙwayar da ke sa fata ta yi launi, farin shi ne wadda ba ta aikin. In mutum na da ja guda ɗaya, ta ishe shi, zai fito baƙi kamar kowa, bai ma san yana ɗauke da farar ba. Wajen haihuwa kowa ɗaya yake bayarwa cikin biyunsa. Sai ta ɗauko farin Khairat da farin Mahfuz ta haɗa su a tafin hannuna.

"Ga jikarki nan. A kowane ciki, ɗaya cikin huɗu ne. Kuma ba ya yiwuwa sai ɓangarorin biyu duk suna da shi. Mama, a danginku babu?"

Na ce, "Babu."

Ƙarya na yi. Mahaifiyata na da ƙane, Kawu Nuru, zabiya ne. A Dukku ya rayu, bai taɓa aure ba. Duk ranar da za a zo neman auren wata 'yar gidan, tun da sassafe ake tura shi gona a ce kada ya dawo sai magariba. Ranar da aka zo neman nawa ma haka aka yi. Zafin ranar gona ya cinye masa wuya da leɓe, gyambon ya ƙi warkewa har ya kashe shi. In ana lissafa 'ya'yan kakata ana cewa biyar ne, alhali shida ne. Maigidana ya mutu bai san da shi ba. 'Ya'yana ba su taɓa jin sunansa ba.

A kwana na uku magana ta iso min ta bakin masu zuwa barka. A makarantar da Khairat ke koyarwa akwai wani malamin lissafi, Francis, zabiya. An taɓa ganin ya rage mata hanya a babur ranar da aka yi ruwa. Shi ke nan. Mutane suka haɗa farin malami da farar jaririya, suka gama hukunci. A ganinsu fari daga fari yake fitowa, kamar yadda dogo ke fitowa daga dogo.

Daga gidan Alhaji ba a aiko da komai ba, ba kayan barka, ba itacen wanka. A kwana na biyar aka aiko wata tsohuwa ta ce Alhaji ya ce a dakata da maganar suna, ba za a raba goro ba sai an yi bincike. Kowa ya san ma'anar haka. In rana ta bakwai ta wuce gidan uba bai yanka rago ba, an gaya wa duk garin cewa 'yar ba tasu ba ce. Liman zai iya cewa ɗa na mai aure ne, amma ba zai iya goge wannan daga bakin mutane ba, kuma yarinyar da uwarta za su ɗauke shi har kabari.

Khairat ta daina cin abinci. Kunun kanwa ma sai na tsaya a kanta. Ta ce min, "Inna, ko ke ma kina zargina?" Na ce a'a. Amma ban gaya mata abin da na sani ba. Ina tsoron in na faɗa, gidan Alhaji su ce to daga gare ku ne, ku riƙe kayanku, sannan sauran jikokina mata su rasa masu nema. Haka na zauna da maganar a bakina ina kallon 'yata tana ramewa.

Ragon sunan tun cikin na wata shida Alhaji ya ce Buba ya ware masa shi. Babu wanda ya tuna ya aika masa a fasa. A kwana na shida bayan azahar sai ga shi da rago a bayan babur. Ya kai gidan Alhaji aka ce ya mayar. Ya juyo ya zo ƙofar gidana ya yi sallama.

"Hajiya, jam? Lafiya dai? An ce in mayar da rago. Yaron ya koma ne?"

"Tana nan da ranta."

"To me ya faru?"

Na gaya masa a taƙaice. Ya ce a kawo ta ya gani. Na so in hana, don na san bakinsa, amma na gaji. Na ɗauko ta na kawo zaure. Ya karɓe ta ya juya baya ga ƙofa don kada haske ya dame ta. Bai tsaya kan farin ba ko kaɗan. Ya lanƙwasa kunnenta, ya buɗe tafin ƙafarta, ya miƙe ƙaramin yatsan hannunta.

"Kunnen Sirajo ne wannan, manne da kai, ba leɓatu. Ga yatsan nan a karkace, irin na Mahfuz. Wa ya ce ba tasu ba ce?"

"Shi Alhajin."

Ya yi wata 'yar dariya. Ya miƙo min jaririyar. "Sa mayafi, Hajiya. Mu je."

"Ni in je gidan surukai kan wannan magana?"

"To wa zai je? Ragon?"

Na sa mayafi. Muka tafi a ƙasa, yana jan ragon, ina biye.

Mun same su bayan la'asar a zaure: Alhaji a kan darduma, Mahfuz a gefe ya sunkuyar da kai, da ƙannen Alhaji biyu. Na tsaya daga bakin ƙofa na gaishe su. Alhaji ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Buba ya ɗaure ragon a jikin turken ƙofa, ya shiga ya zauna ba a ce ya zauna ba.

Alhaji ya ce, "Buba, ai na ce ka mayar."

"Ka ce. Amma ragon ya sha wahalar hanya, ba ya son komawa. Alhaji, ba ni labarin jan maraƙin nan naka. Na manta shi."

"Ba lokacin wasa ba ne."

"Wa yake wasa? Shekara goma sha biyar kana ba mutane shi a shago, har ka fi ni iyawa. Baƙi da baƙa suka haifi me?"

"Mutum ba saniya ba ne."

"Gaskiya ne. Saniya ba ta ɓoye uwarta."

Ɗaya daga cikin ƙannen ya ce, "Kai Bafillace, san inda kake." Buba bai ko juya ba.

Alhaji ya ce, "A gidanmu babu wannan abu. Kowa ya sani."

"Kowa na Kontagora. Ni kuwa na san Tungan Magajiya, can rugarmu ta zauna ina yaro. Adda, mahaifiyata, shekara ashirin tana kai nono gidanku. Akwai ɗaki a bayan rumbu. Kullum sai ta rage ludayi biyu ta kai wa yarinyar da ke ciki, don ta ce ba a fito da ita in akwai baƙi. Mardiyya. Yayarka ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na gan ta da idona, tana leƙe ta zana."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Wannan daban. Iska ce ta shafi mahaifiyarmu tana da ciki. Haka aka ce."

"Haka aka ce. To Alhaji, in tambaye ka. Lokacin da Hajiya babba ta haifi Mardiyya, akwai wani malamin lissafi a Tungan Magajiya?"

Na ɗauka za a doke shi. Ƙannen biyu suka miƙe tsaye. Alhaji ya nuna Buba da carbi. "Uwata kake zagi a gidana?"

"Allah ya kiyaye. Mace ce ta kirki, na ci tuwonta. Tambaya na yi. In ita babu wanda ya zarga, wannan yarinya me ta yi? Ita ma tana da uwa, ga ta nan a tsaye."

Ba a taɓa yi wa Alhaji Sirajo magana irin wannan ba. Mai hankali ba zai faɗa ba. Ni da nake ganin kaina marar tsoro, kwana shida ban iya faɗin rabinta ba.

Can Alhaji ya samu abin riƙewa. "To na ji. Amma 'ya'yana goma sha ɗaya, jikoki sun fi ashirin. Ko ɗaya babu. In a jinina yake, me ya hana shi fitowa sai yanzu?"

"Bai gamu da ɗan'uwansa ba. Saniyarka baƙa maruƙa nawa ta haifa kafin jan? Huɗu, duk baƙaƙe. Gefe ɗaya ba ya yi, Alhaji. Sai sa da saniya duk suna ɗauke da shi." Sai ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. "Ni ban san Dukku ba, Hajiya. Ban taɓa kiwo can ba. Amma akwai a gidanku. Dole akwai."

Duk suka juyo. Mahfuz ma ya ɗago kai, karo na farko.

Da zan iya cewa babu, kamar yadda na ce wa Rhoda. Babu mai ƙaryata ni, tsofaffin da suka sani duk sun mutu. Amma in na ce babu, maganar Buba ta faɗi, kuma 'yata ta faɗi tare da ita.

Na ce, "Akwai. Sunansa Nuru, ƙanen mahaifiyata. Ranar da aka zo neman aurena gona aka tura shi. Nas ta gaya min tun kwana biyu da haihuwa cewa sai ɓangare biyu, na yi mata ƙarya. Yarinyar nan tamu ce mu duka, Alhaji. Rabi daga ɗakin bayan rumbunku, rabi daga gonarmu."

Sai Mahfuz ya ce, "Baba, wace ce Mardiyya?"

Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya ce, "Ita ta goya ni. Tana da shekara goma sha shida ta rasu." Ya goge fuska da hannun riga. Ya ce wa ƙanensa, "Je ka kasuwa kafin a tashi. Goro da dabino. A gaya wa liman da wanzami gobe da safe."

Buba ya miƙe ya kakkaɓe riga. "A ba ragon ruwa. Tun safe bai sha ba."

Da safe aka raɗa suna a ƙofar gidana. Mahfuz ne ya zaɓa: Mardiyya. Bayan addu'a liman ya ji yadda aka yi, ya ce ai wannan magana tana da asali a hadisi, a kan raƙuma. Buba ya ce shi bai taɓa kiwon raƙumi ba, amma ya ji daɗi da su ma haka suke.

Ba zan ce komai ya gyaru ranar ba. Khairat ba ta koma ɗakinta da arba'in ba, sai da ta yi wata biyar a gabana. Mahfuz ya yi ta zarya. Ta ce masa, "Sai da Bafillace ya duba kunne sannan ka yarda da ni." Ban sa baki ba, gaskiyarta ce. Ni ma ta yi makonni ba ta yi min doguwar magana ba, da ta ji na sani tun farko. Wannan ma gaskiyarta ce. Daga baya ta koma. Sun ƙara haihuwa uku, duk baƙaƙe, kuma Rhoda ta ce mai yiwuwa ne wasunsu na ɗauke da farin waken.

Malam Francis na je na same shi da kaina na ba shi haƙuri, tunda daga gidan Alhaji babu wanda ya je. Ya ce ya ji duk abin da aka faɗa, har kwana uku bai fita ba. Ya ce iyayensa duka biyun baƙaƙe ne, da an tambaye shi da ya faɗa. Sannan ya yago takarda ya rubuta min abin da za a yi wa yarinyar: hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana, kada ta yi wasa a tsakar rana, a kai ta a duba mata ido, a makaranta a zaunar da ita a bencin gaba. Ƙarshen zangon ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin. Takardar tana nan a akwatina.

Mardiyya yanzu tana aji ɗaya a sakandare. Tana da tabarau, tana da baki, kuma doguwa ce. Alhaji Sirajo har ya rasu bai iya kiran sunanta ba, Yaya yake ce mata. In ta shiga shagonsa sai ya tashi ya ba ta kujerarsa. Da Buba kuwa bai sake magana ba sai gaisuwa, amma bai ɗauke shanunsa daga hannunsa ba. Labarin jan maraƙi ne dai ya daina bayarwa.

Buba bai canza ba. A wajen bikin wani jikana ya ce wa amarya ƙafarta irin ta masu ciwon gwiwa ce, sai da na ja shi gefe. Shekarunsa na ƙarshe ba su yi daɗi ba. Ɓarayi sun kore fiye da rabin garken, har da biyu nawa. Abin da ya fi ci masa rai ba yawansu ba ne. Ya ce akwai zuri'ar wata saniya da kakansa ya fara, hawa tara, an tafi da ta ƙarshe. Duk da haka kowace shekara in rani ya shigo sai ya aiko wa Mardiyya sabuwar malafa, wadda ya sa aka saƙa daidai kanta.

Shekara uku da suka wuce aka aiko cewa jikinsa ya yi tsanani. Na ɗauki Mardiyya muka je rugar ɗansa da hantsi. Mun same shi kwance a inuwar bukka, ya zama ƙashi. Ya sa ta matso, ya kama kunnenta ya lanƙwasa kamar yadda ya yi tana kwana shida.

"Har yanzu na Sirajo ne."

Ta ce, "Baffa, nawa ne."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Na ce masa na zo in yi godiyar da ban taɓa yi ba yadda ya kamata. Ya ce in bari, rago kawai ya kai. Sannan ya dubi bakina ya ce, "Nawa suka rage?" Na ce bakwai, a lokacin. Ya ce ai ya faɗa.

Da muka tashi tafiya ya ce in dakata. Ya kira ɗansa da matan gidan su ma su ji. Bayan kwana tara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abin da ya ce in yi na fara shi, littafi biyu na cika, kuma har Dukku da Tungan Magajiya na je neman sunaye. Na sa maganarsa a nan don ba ni kaɗai ya roƙa ba.

"Hajiya, ni na riƙe na shanu a kaina, ga shi zan tafi da shi. Ke kin yi boko. Ki rubuta na mutane. Gidanku da gidan Sirajo, kowa da wanda ya haife shi, har da Nuru, har da Mardiyya babba, har da duk wanda ake tsallakewa in ana lissafi. Ki karanta wa yaran kafin su yi aure. Ku ma ku ji. In an zo neman 'yarku, kada a tura kowa gona. A bar shi a gida, ya fito ya gaisa da baƙi."